Zumunta da 'Yan'uwanta: Tarihin Jaridun Hausa da Suka Daina Zuwa Gombe

Garin Gombe da muke zaune a ciki yau bai girmi jaridar Hausa da wasu shekaru masu yawa ba. Masarautar dai tsohuwa ce, tun zamanin da Modibbo Buba Yero ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, amma gadon sarautar ya daɗe a Gombe Abba, Turawa suka mai da shi Nafada a 1913, sai a 1919 aka dawo da shi nan Doma. Shekara 20 bayan wannan ƙaura, a watan Janairun 1939, aka buga fitowar farko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Ke nan a lokacin da Herwagana da Ajiya da Kumbiya-Kumbiya ke cika da gidaje, a lokacin ne takardar labari ta Hausa take neman hanyar da za ta iso musu. Garin ya yi ta bunƙasa har ya zama babban birnin jiha. Jaridu da mujallun da suka taso tare da shi kuwa, ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa.

An saba ɗora wa wayar hannu laifin wannan mutuwa, wasu kuma su ce ai Bahaushe ne ba ya son karatu. Duk wanda ya bi tarihin daki-daki zai ga zancen bai tsaya nan ba. Jaridun lardi na Arewa sun kwanta tun 1959, shekara 42 kafin layin wayar salula ya shigo Nijeriya. Ciwon da ya kashe su shi ne ya riƙa bin na bayansu yana kayarwa: kuɗin bugu daga aljihun hukuma, takarda daga ƙasar waje, hanya mai nisa, talla babu. Waya ta zo ne ta tarar da majinyaci a kwance.

Kafin Gaskiya, gwamnatin mulkin mallaka ta gwada wata jarida tun 1932, mai harshe uku, Hausa da Larabci da Turanci, wadda ake kira Jaridar Nijeriya ta Arewa. Ta sarakuna ce da manyan ma'aikata, ba ta sauko kasuwa ba. Gaskiya ce ta sauko. Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya tsaya mata, aka ɗauko Malam Abubakar Imam, mutumin Kagara da bai cika shekara 30 ba amma ya riga ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, aka ba shi edita. Turawa suna da nasu dalili. Yaƙi ya doso, ana ta ji-ta-ji-ta cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila, ga kuma jaridun Ikko irin su West African Pilot ta Azikiwe suna hawowa Arewa da zafafan maganganu. Suna son bakin da zai yi wa mutane magana da harshensu. Suka sa mata kuɗi kwabo, wata-wata take fitowa da farko.

Jirgin ƙasa bai iso Gombe ba sai 1963. Kafin nan duk abin da aka buga a Zariya sai ya biyo ta Jos da Bauchi a mota, cikin jakar gidan waya, a kan hanyar da damina kan yanke. Kwafin da ya iso kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Masu karatun boko a lokacin ana iya ƙirga su a unguwa: malamin makarantar elementare, magatakardan hakimi, malamin asibiti, akawun baitulmali, ko yaron da ya dawo hutu daga Midil ta Bauchi. Bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a zaure, mai karatu ya buɗe takardar a kan gwiwa, ya bi layi da yatsa yana ɗaga murya. In ya zo kan labarin ƙasar Bama, inda 'ya'yan ƙasar nan suke yaƙi, sai wani dattijo ya ce a maimaita, a sake karanta sunan bataliyar. In aka gama a naɗe, gobe wani zauren ya aiko a ara. Kafin wata ya ƙare takardar ta yi laushi, ta yi baƙi a gefuna, wani lokaci an ɗinke tsakiyarta da zare. Mai kasuwancin jarida zai kalli wannan ya ga kwabo ɗaya kacal ya shigo. Editan kuwa ya san mutum nawa suka saurara. Wannan tazara tsakanin masu ji da masu biya ta bi jaridar Hausa har ƙarshenta.

Abin da ya ba Gaskiya rai shi ne shafin wasiƙu. A nan talaka mai ɗan ilimi ya fara gane cewa zai iya rubuta kukansa, a buga, Razdan ya gani, Sarki ya ji. Lardinmu na Bauchi bai zauna baya ba a wannan fage. A farkon shekarun 1940 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suna koyarwa a Midil ta Bauchi, ga Malam Sa'adu Zungur ya dawo gida, suka kafa taron tattaunawa a 1943 inda ake zama ana tambayar hukuma abin da ba a saba tambaya ba. A wannan shekarar ce Abubakar Imam ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Azikiwe. Siyasar Arewa da ta haifi jam'iyyun NPC da NEPU daga irin waɗannan zauruka da waɗannan shafuka ta tsiro, ko da yake 'yan NEPU daga baya sun fi samun wurin numfashi a Daily Comet, wadda Azikiwe ya mayar Kano a 1949.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da maɗaba'arsa da gidajen ma'aikata. Nan aka riƙa jera haruffan dalma a juye, layi-layi, har da masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda sai an sa an ƙero su musamman domin babu su a akwatin Baturen maɗaba'a. Daidaitacciyar Hausar da muke rubutawa yau, yawancin ƙa'idojinta a wannan gida suka zauna da gindinsu. A 1948 kamfanin ya ƙara da jaridar Turanci, Nigerian Citizen.

Zamanin da ya fi burge ni a duk wannan tarihi gajere ne ƙwarai. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi na Katsina yana cikin manyan jagororinsa. Aka buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, magidanta da furfura suna zaune a ƙarƙashin bishiya suna haɗa baƙi da wasali. Sai tambaya ta taso: wanda ya koyi karatu cikin 'yan watanni, me zai karanta don kada abin ya zube? Amsar ita ce Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki a Zariya daga 1954 zuwa 1959. Ta buga ƙananan littattafai masu yawa, na kiwon lafiya da noma da tarihi da addini da hira, da boko da ajami. Sa'annan ta yi abin da ba a taɓa yi ba, ba a kuma sake yi ba: ta ba kusan kowane lardi jaridarsa.

Sakkwato ta sami Zaruma, Katsina ta sami Himma, Kano Sodangi, Zariya Bazazzaga. Filato tana da Gamzaki, Lardin Neja yana da Haske, Barno Albishir, Adamawa kuma Ardo. Tibi ma suna da tasu da harshensu, Mwanger u Tiv. Ga Jakadiya a gefe, mai sauƙin Hausa don sababbin masu karatu. Ta Lardin Bauchi, wanda Gombe take cikinsa a lokacin, ita ce Zumunta.

'Yan shafuka ne, ba su da kauri, ba su da ado. Darajarsu tana cikin kusancinsu. Gaskiya takan kawo labarin Ikko da Kaduna da London. Jaridar lardi kuwa aikinta labarin gida: naɗin sarauta, buɗe rijiya ko ɗakin shan magani, ranar allurar shanu, rangadin Razdan, waɗanda suka ci jarrabawar Yaƙi da Jahilci. Babban mutum a Kaduna zai ga waɗannan ƙananan abubuwa ne. Manomi a Kumo ko Dukku ko Deba da ya ga sunan garinsu a buge, ya haɗa baƙaƙen da kansa ba tare da an karanta masa ba, shi ya san ba ƙaramin abu ba ne. A ganina babu wata dabara da aka taɓa yi a Arewa don a sa talaka ya ɗauki karatun boko a matsayin nasa da ta kai wannan hikima.

Amma tun daga tushe akwai rauni. Gwamnati ce ke biyan kuɗin bugu. A Zariya ake bugawa, ba a hedikwatar lardin ba, don haka labarin Gombe sai ya je Zariya ya dawo kafin mutumin Gombe ya gani. Rabawa kuma ta jingina da En'e da malaman azuzuwan manya, ba da 'yan kasuwa masu neman riba ba. Babu wanda cin abincinsa ya rataya a kan sai an sayar. Da aka zo lissafi aka ga kuɗi na fita ba sa dawowa, ga littattafai jibge a sito, sai aka rushe NORLA a 1959, aka mayar da kayanta ga Kamfanin Gaskiya. Neil Skinner, wanda ya yi aiki a hukumar, ya rubuta tarihinta daga baya yana kiranta gwaji. Jaridun lardi suka bi uwarsu. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Abin da ke ba ni takaici shi ne lokacin da abin ya faru. A daidai shekarun nan ne ƙasar Gombe take buɗewa. An kafa injin gurzar auduga a 1956, manoma suna ta kwararowa daga Kano da Barno da sauran wurare suna sare daji a kudancin masarautar, motocin auduga da gyaɗa suna cika gari, ga layin dogo yana tafe. Mary Tiffen ta yi nazarin wannan bunƙasa a littafinta The Enterprising Peasant na 1976. A zamanin Sarki Abubakar Umar, wanda ya yi sarauta daga 1936 zuwa 1984, Gombe ta tashi daga ƙaramar hedikwatar En'e ta zama kasuwar da ake ji da ita a Arewa maso Gabas. Wannan shi ne irin garin da zai iya ciyar da jarida, domin akwai 'yan kasuwa, akwai masu motoci, akwai kantuna. Amma ba a taɓa koya wa mai kanti cewa zai biya a buga sunan hajarsa ba, ba a kuma bar jaridar ta kai lokacin da zai koya ba.

Daga nan sai harka ta koma Kaduna. Ranar 1 ga Janairun 1966 New Nigerian ta fara fitowa a madadin Citizen, mako biyu kafin a kashe Sardauna. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, ta kai har tana fitowa sau uku a mako. A 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe kamfanin ya zama na Tarayya. Shekarun 1970 su ne ganiyar New Nigerian, lokacin da sharhinta na shafin farko kan sa gwamnati ta sake tunani. Ga mutumin Herwagana kuwa, hedikwatarsa ta tashi daga Kaduna ta koma Maiduguri a 1967, ta dawo Bauchi a 1976, amma jaridarsa tana nan daga Kaduna, kuma Gombe takan fito a cikinta ne in wani babban abu ya faru, kamar buɗe kamfanin siminti na Ashaka ko aikin madatsar ruwa ta Dadin Kowa.

A wannan tsakani rediyo ta riga ta shiga gaban takarda. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Akwatin rediyo mai batir ba ya bukatar mota ta kawo shi kullum, ba ya bukatar mai karatu a zaure. Duk da haka rediyo ba ta kashe jarida ba a lokacin, sun ma riƙa taimakon juna, domin wanda ya ji labari da asuba yakan so ya gan shi a rubuce.

Jamhuriya ta biyu ta zo da sabon ɗoki. Gwamna Abubakar Rimi ya kafa kamfanin Triumph a Kano a 1980, wanda ya fitar da Albishir da boko, da Alfijir da ajami. Alfijir ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta gane abin da 'yan boko suka daɗe suna mantawa, wato dubban almajirai da malaman zaure da 'yan kasuwa da ake lissafawa cikin jahilai, alhali suna karanta ajami tamkar ruwa. Kamfanin Concord na Abiola ya fito da Amana. Daga baya Hassan Sani Kontagora ya yi Hotline da ƙanwarta ta Hausa, Rana. Su Dokta Bala Usman suka yi Analyst da Fitila. Kowace da ubangidanta, gwamna ko attajiri ko ƙungiya mai aƙida, kuma kowace ƙarfinta daidai ƙarfin ubangidan.

Sai takarda ta yi tsada. Nijeriya ta gina masana'antun takarda uku, a Jebba da Iwopin da Oku Iboku. Ta Oku Iboku ita ce ta takardar jarida, ta fara aiki a 1986, ba ta cika shekara goma ba ta tsaya. A shekarar 1986 ɗin ce kuma gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP, aka karya darajar Naira. Takarda da tawada da faranti da kayan gyaran inji duk da Dala ake sayo su, mai karatu kuwa da Naira yake biya, Nairar da albashinsa ya daina isa. Malamin makaranta da ɗan kasuwar da suka saba sayen jarida kullum suka koma sayen ta ƙarshen mako, daga baya suka koma tsayawa a gaban teburin mai jarida. Ko mujallar Citizen da su Mohammed Haruna da Kabiru Yusuf da Bilkisu Yusuf suka kafa a Kaduna a 1990, da duk ƙwarewar da aka tara mata, ba ta wuce tsakiyar shekarun 1990 ba.

Wanda bai san yadda ake sayar da jarida ba ba zai gane inda asarar take ba. Cikin dare ake ɗaure ta ƙunshi-ƙunshi, a rubuta sunan gari da na wakili a jiki, a ba direba. In mota ta iso tasha, wakili ya yanke igiya ya ƙirga, ya raba wa yaransa, wasu su shimfiɗa a tebur su danne da duwatsu saboda iska, wasu su rungume su bi ofisoshi da bankuna. Mai jarida kamasho yake ci a kan abin da ya sayar kawai. Kwantai na kamfani ne. Jarida kuwa kamar tumatirin Kwadon take, in ta kwana darajarta ta zube. In taya ta fashe a hanyar Alkaleri aka iso bayan azahar, ma'aikata sun tashi, rabin kayan ya zama kwantai. A gaban teburin kuma ga cincirindon masu karatun tsaye, su ba mai jarida ɗan abin da ya samu, su karanta uku ko huɗu, su yi musu a kan siyasa da ƙwallo har rana ta take, su ajiye su tafi. Mai tebur ya sami na cefane, kamfani bai ga ko sisi ba. Kwantan daga baya a auna shi a kilo, ya ƙare a hannun mai ƙosai da mai tsire da tela mai yankan fatun. Gari irin Gombe, da ke nesa da kowace maɗaba'ar jarida, shi ne farkon wanda manajan rarrabawa ke rage wa kaso in ya zauna rage asara.

Ranar 1 ga Oktoban 1996 Janar Sani Abacha ya ba mu jiha. Jihohin da aka ƙirƙira a 1967 da 1976 sun tarar da zamanin da kowace gwamnati ke ganin kafa jarida wajibi ne. Gombe ta zo a lokacin da jaridun jihohi suke rufewa ko suke fitowa jefi-jefi, don haka ƙarfin hukuma da na 'yan kasuwa ya fi karkata ga rediyo da talabijin.

Amma a daidai wannan lokaci wani abu ya taso daga ƙasa, ba da kuɗin gwamnati ba, kuma shi ne hujjata a kan masu cewa Bahaushe ba ya karatu. Tun tsakiyar shekarun 1980 matasa da matan aure suka fara rubuta littattafan soyayya da zaman iyali suna bugawa da kuɗinsu: Talatu Wada Ahmed, Balaraba Ramat Yakubu, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna. Daga Kano ake lodinsu zuwa kowace kasuwa a Arewa har da ta Gombe, ga shagunan haya inda yarinya za ta ba da 'yan kuɗi ta ɗauki littafi ta dawo da shi jibi. Daga littafi aka tsallaka fim, Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma harkar ta cika gari. Sai mujallu suka biyo. Sunusi Shehu Daneji ya fito da Tauraruwa a Kano a 1998, a cikinta sunan Kannywood ya fara bayyana. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fara mujallar Fim a Kaduna. Mumtaz da Bidiyo da wasu da dama suka bi sahu.

Waɗannan su ne mujallun Hausa na farko da suka tsaya da ƙafarsu a kasuwa. Suna da masu saye na gaske, 'yan mata da matan aure da samari, waɗanda manyan jaridu ba su taɓa yi wa magana ba. Suna da masu talla na gaske, furodusoshi da 'yan kasuwar kaset masu son a san ranar fitowar sabon fim. Kuma sun sami hanyar rabawa da ba ta bi ta teburin mai jarida kaɗai ba: shagon kaset. Duk inda kwalin kaset ya je daga Kano, mujalla na iya bin sa. A cikin gida ɗaya kwafi kan zaga ɗaki-ɗaki, a cire hoton tsakiya a manna a bango, a ajiye sauran a ƙarƙashin katifa ko cikin akwati. Malamai da iyaye sun yi ta suka, wani sukan da gaskiyarsa. Amma shafin wasiƙun Fim ya yi wa 'yan shekarun 2000 abin da na Gaskiya ya yi wa kakanninsu, kuma duk mai son rubuta tarihin finafinan Hausa yau dole ya nemi tsofaffin fitowarta.

Ƙafar da suka tsaya a kai ita ce ta karye. Wani rikici da ya taso a harkar fim a 2007 ya sa Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta tsananta, aka dakatar da shirya fim na wani lokaci, wasu 'yan fim suka yi ƙaura zuwa Kaduna. Satar fasaha ta cinye ribar faifai, masu tura finafinai a waya suka buɗe shaguna a kowace kwana, tashar Arewa24 ta zo a 2014, daga baya YouTube ya kwashe sauran. Da kasuwar faifai ta mutu, mai talla ya tafi, shagon da ke rabawa ya rufe. Jarumar da a da sai mujalla ta yi hira da ita kafin a ji ta bakinta, yanzu da kanta take sa hotonta a Instagram. Fim ta fi sauran juriya nesa ba kusa ba, amma ita ma a intanet aka fi samunta yanzu.

A nan labarinmu ya haɗu da na sauran duniya. A Amurka da Ingila akwai ƙananan mujallun yanki da ake yi don masu jiragen ruwa na shaƙatawa da masu kamun kifi, kowace gaɓar teku ko tafki da tata. Abincinsu ƙananan tallace-tallace ne: mai sayar da tsohon jirgi, mai gyaran inji, mai hayar wurin ɗaure jirgi. Da shafukan saye da sayarwa irin su Craigslist, wanda ya faro a San Francisco a 1995, suka ba mutane damar yin tallan nan kyauta, sai shafukan talla na mujallun suka bushe, mujallu da yawa suka rage fitowa ko suka bar takarda. Manya ma ba su tsira ba. Jaridar Independent ta Ingila ta daina fitowa a takarda a watan Maris na 2016. Bambancin shi ne su sun ci moriyar talla shekara da shekaru kafin ta kuɓuce musu. Masuntan Dadin Kowa da masu fito da kwale-kwale a kogin Gongola ba su taɓa samun takardar da ke bin harkarsu ba, balle a ce ta mutu.

Manyan gidajen ma a ƙarshe suka rufe. Gwamnatin Kwankwaso ta rufe Triumph a 2012, sai a zamanin Ganduje aka sake buɗe ta. New Nigerian, wadda gwamnatin Obasanjo ta miƙa wa jihohin Arewa 19, ta shiga halin tuwon gayya, kowane gwamna yana jiran ɗan'uwansa ya biya, bashin albashi da na fansho ya taru, zuwa 2013 injinan Kaduna sun tsaya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta tafi tare da ita bayan ta haura shekara 70 tana fitowa. A shekarun nan ne kuma hanyoyin Arewa maso Gabas suka cika da shingayen bincike, bama-bamai suka tashi a tashoshin mota na Gombe a 2014 da kasuwa a 2015, wato wuraren da jarida ke sauka da inda ake sayar da ita.

An yi ƙoƙarin tayar da komaɗa. Kamfanin Media Trust ya fito da Aminiya a 2006, Leadership ta yi tata ta Hausa, Blueprint ta kawo Manhaja. Ɗan jiharmu, Dokta Aliyu Modibbo Umar na Kumo, tsohon ministan Abuja, ya kafa Rariya, wadda ta fara a takarda kafin sunanta ya fi karaɗe intanet. Duk na ƙasa baki ɗaya ne, daga Abuja ake tsara su, wakili ɗaya ke riƙe da jiha guda. Cire tallafin mai da sakin Naira a 2023 sun sake ninka kuɗin takarda da na mota a kan duk wanda ya rage yana bugawa.

Labari kam bai yi ƙaranci ba. In gobara ta tashi a kasuwa, kafin motar kashe gobara ta iso hoton ya zaga WhatsApp, gidajen rediyon garin kuma suna buɗe layi mutane su yi magana. Ta fuskar sauri an ci gaba, ban musa ba. Abin da aka rasa shi ne ajiya. Ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe da ke son rubuta tarihin unguwarsu zai iya hawa mota zuwa Kaduna, ya shiga Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, ko ya wuce ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, ya buɗe Gaskiya ta shekarun 1950 ya karanta da kwanan wata. In ya zo kan ambaliyar da ta yi ɓarna a garin nan a daminar 2004, zai sami 'yan rahotanni a jaridun Turanci. In ya matso shekarun baya-bayan nan, shaidarsa tana cikin wayoyin da suka lalace, da shafukan Facebook da masu su suka rufe, da shirye-shiryen rediyo da ba kowane aka adana ba.

Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ko mujalla ya kai kwafi uku a ajiye, gwamnatin jiha goma, ta Tarayya 25. Ƙananan mujallun Hausa da ake haɗawa a shago ɗaya a Fagge ko Sabon Gari ba kasafai suke bin wannan ba, hukumar ma ba ta bi su ta karɓa ba. Saboda haka cikakken jerin Tauraruwa ko Mumtaz ya fi yiwuwa a same shi a akwatin wata uwargida a Herwagana ko Bolari, ko a ɗakin wani tsohon mai shagon kaset, fiye da kantar wani ɗakin karatu. A Ikko wasu matasa sun kafa Archivi.ng suna ɗaukar hoton tsofaffin jaridun Nijeriya shafi-shafi suna sawa a intanet, kuma da na Turanci suka fara. Na Hausa da na ajami suna jiran wanda zai bi gida-gida ya tambaya, kuma wannan aiki ne da sashen tarihi na jami'a ɗaya, da na'urar ɗaukar hoto ɗaya da ɗalibai 'yan unguwa, zai iya farawa a cikin garin Gombe kafin gara da damina su gama da abin da ya rage.